Mama Nas, Wadda Ta Hana Kafso

Da aka kafa rumfar makoki a ƙofar gidan Goggo a Romi, nan Kaduna, mutanen Kakau ne suka fara cika kujeru. Mota guda suka ɗauko haya, yawancinsu mata, wasu da goyo, suka fara kuka tun daga bakin titi. Wata dattijuwa a cikinsu ta rungume ni ba tare da ta san ko ni wace ce ba, tana ta faɗin sun yi rashin uwa. Ta ce ba a taɓa kai wa Mama Nas yaro ta sallame shi ba magani ba, hannunta a sake yake. Sauran suka gyaɗa kai suna share hawaye.

Matan zumunta na ikilisiyarmu suna ɗaya gefen cikin ankonsu. Da suka ji wannan yabo sai suka kalli juna. Su 'yan Romi ne, wata Mama Nas daban suka sani. Ɗaya daga cikinsu ta sunkuya ta ce wa ta kusa da ita Allah ya jiƙan baiwarsa, amma fa an yi mai taurin kai. Tana tsammanin ban ji ba. Asibitin unguwa ya aiko wakili, ya miƙe ya ce sun yi rashin ginshiƙi, ya manta cewa su da kansu suka tumɓuke ginshiƙin tun tana da ƙarfinta. Mahaifina, wanda yake ƙanenta, yana can ƙarshen rumfa da hularsa a kan gwiwa, da kai kawai yake amsa gaisuwa.

Ni kuwa ina ta raba ruwan leda, abin yana cina a rai. Waɗanda suka yabe ta, sun yabe ta ne a kan abin da ta fi tsana a rayuwarta. Waɗanda suka san ainihinta kuma, su ne suka karya ta. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani tun kafin jawaban ranar su zama su ne tarihinta.

Goggo yayar mahaifina ce. Ba likita ba ce. Ma'aikaciyar lafiya ce, irin waɗanda ke riƙe da ƙananan asibitocin unguwa inda sai a daɗe ba a ga ƙeyar likita ba. Mijinta ya rasu da wuri, ɗanta tilo aikin soja ya yi nesa da shi, don haka asibitin ya zama shi ne gidanta na gaskiya, na Romi wurin kwana ne kawai. Ɗakin duba yara aka ba ta. Kowa Mama Nas yake ce mata, har pasto.

Tana da wata ɗabi'a da nake gani har yanzu idan na rufe ido. Kafin ta taɓa yaro sai ta cusa hannayenta a hammata su yi ɗumi. Daga nan ta ce wa uwar ta yi shiru, ta ɗaga rigar yaron, ta zuba wa ƙirjinsa ido tana kallon yadda numfashi ke shiga yana fita. Ta leƙa maƙogwaro da 'yar tocila, ta leƙa kunne, ta sa a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Sai ta gama duk wannan take ɗaukar biro. Sau da yawa kuma abin da za ta rubuta bai wuce farasitamol ba, ko ruwan gishiri da sukari idan gudawa ce, ta ce a ci gaba da ba shi nono da ruwa, in numfashinsa ya fara sauri ko ya ƙi abinci a dawo da shi da gudu.

Iyaye mata kuwa ba wannan suka zo nema ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta suke so, wanda ma'aikata ke kira antibayotik, mu kuma muke haɗa shi duka mu ce kafso, ko da na ruwa ne da ake ba jarirai. Mace ta bar rumfarta a kasuwa, ta hau keke da yaro yana ta kuka, ta yi zaman layi, sannan a ce mata ta je ta ba shi ruwa? Goggo takan yi musu bayani har muryarta ta dushe. Ta ce mura ba ta jin kafso, da kanta take tafiya. Ta ce idan ana ɗura wa yaro shi ba dalili, cuta na sabawa da shi, ranar da za a neme shi da gaske sai ya ƙi aiki. Su dai su ce to, su fita, su zarce kemis. Suka sa mata suna Mama Sha-Ruwa. A ɗakin da ke kusa da nata akwai wani ma'aikaci da ba ya musu da kowa, duk abin da uwa ta nema zai rubuta. Layinsa har waje yake kaiwa. Nata bencin, sai ka ga mutum biyu ko uku, su ma baƙi ne da ba su san ta ba.

Rigimarta mafi tsawo da mahaifina ta yi ta. Bayan an rufe masaƙar da yake aiki, ya daɗe yana zaune, daga baya ya buɗe ɗan kemis a jikin gidanmu a Narayi. Da wannan shagon muka yi makaranta, ba zan ɓoye ba. Yana sayar da kafso ɗaiɗai, gwargwadon abin da mutum ya zo da shi. Goggo ta sani, tana ta yi masa magana a ɓoye, yana cewa ya ji.

Wata ranar Kirsimeti muna tsakiyar cin shinkafa, wata maƙwabciya ta yi sallama, wai jaririnta na gudawar haƙori. Baba ya tashi ya buɗe shago. Goggo ta bi bayansa, cokali ma yana hannunta. Ta tarar ya ɓallo kafso biyu yana koya wa matar yadda za ta buɗe su ta zuba garin a cikin koko. Goggo ta fizge maganin, ta ce wa matar ta je ta jira ta a gida, za ta zo ta duba yaron da kanta. Sannan ta juyo kan ƙanenta a gaban 'ya'yansa da baƙinsa. Baba ya saurara har ta gama, ya ce:

"Yaya, ke gwamnati ke ciyar da ke. Ni wannan shagon ke ciyar da yaran nan."

Ta ce, "To, ka ci gaba da ciyar da naka da lafiyar na wasu."

Ta ajiye cokalin a kan teburin shagon, ta ɗauki jakarta ta fita. Kular miyar da ta kawo ma sai daga baya aka aika mata. Daga ranar suka yi shekaru ba sa ga maciji. Idan an haɗu a biki ko jana'iza, a gaisa a tsaitsaye, kowa ya kama gabansa. Mahaifiyata ta yi ta ƙoƙarin sulhu har ta gaji.

Kada wani ya ɗauka ƙin magani take yi. Ɗana na fari yana rarrafe ya kamu da tari. Na ɗauke shi zuwa wurinta ina rayawa a zuci ruwa za ta ce in ba shi. Ta ɗaga rigarsa kamar kullum, sai na ga fuskarta ta canja. Ta nuna mini ƙasan haƙarƙarinsa yadda yake lotsawa duk sanda ya ja numfashi. Ba ta tsaya dogon bayani ba, a take ta haɗa antibayotik na ruwa, ta ba shi cokalin farko a kan cinyarta. Daga nan kullum da safe kafin ta tafi aiki, da yamma kuma bayan ta tashi, sai ga ta a keke daga Romi zuwa Narayi, ta ba shi da hannunta. Na ce mata ai zan iya. Ta ce ta san gidan da na fito, da zarar zazzaɓi ya sauka za a ɗora sauran kwalbar a kan firji a ajiye wa wata rana. Haka ta yi ta zirga-zirga, har cikin ruwan sama, sai da kwalbar ta ƙare. Yaron nan shi ya ɗauki hotonta a gaban akwatin gawa ranar jana'iza, ya fi ni tsawo yanzu.

Abin da ya karya ta ya zo ne ta hannun wata mai ɗinki da ke cikin kwaya, ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarmu. Matar ta daɗe da aure ba haihuwa, daga baya Allah ya ba ta 'ya mace guda ɗaya. Yarinyar ta fara tafiya ke nan ta kamu da mura da tari da ɗan zazzaɓi. Uwar ta kawo ta. Goggo ta duba ƙirji ta ga numfashi lafiya, gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba, yarinyar ma tana wasa da tocila. Ta rubuta farasitamol, ta faɗa mata alamun da za ta lura da su, ta ce ko ba ta ga komai ba ta dawo da ita jibi a sake dubawa. Matar ta ce a taimaka a rubuta mata mai ƙarfi, ita kaɗai gare ta. Goggo ta ce ba ta buƙata. Matar ta durƙusa a ƙasa, a gaban mutane. Goggo ta ɗaga ta, ta lallashe ta, amma ba ta rubuta ba.

Ba ta dawo jibin ba. Fushi ta yi. Abin da aka yi ta ba yarinyar a gida a kwanakin da suka biyo baya, kowa da abin da yake faɗi, ni ban gani ba, ba zan ɗora wa uwar da ta rasa 'yarta abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne, wajen mako guda bayan nan aka haye kogi da yarinyar a guje zuwa babban asibiti, a can ta cika. Ciwon huhu aka ce. Wai wani a can ya ce da an fara magani da wuri da ba ta kai haka ba. Wannan maganar ta riga gawar isowa Romi.

Goggo ta ɗaura zanenta ta tafi gaisuwa. Dangin mijin suka tare ta a ƙofa. Tana tsaye tana ba su haƙuri sai uwar ta fito, idanunta a kumbure. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce:

"Mama, na durƙusa miki."

Ta juya ta koma ciki.

Lahadin da ta biyo baya, bencin da Goggo ta zauna a kai ya zama ita kaɗai. Aka yi wa'azi a kan taurin zuciya, ba a kama suna ba, ba a kuma buƙatar a kama. Mutanen unguwa suka kai ƙara wurin manya. Babu wanda ya zo ya bincika. Babu wanda ya ce ta yi kuskure, babu kuma wanda ya ce ba ta yi ba. Abokan aikinta sukan same ta a bayan ɗaki su ce mata abin da ta yi shi ne ƙa'ida, ko su ne haka ya kamata su yi. Amma ranar da aka kira taro da dattawan unguwa duk suka sunkuyar da kai, har da mai dogon layin nan. Aka ce don a samu zaman lafiya a mayar da ita Kakau. Mace mai shekaru, mai ciwon gwiwa, ta koma kullum tana bin titin Abuja safe da yamma tsakanin manyan motoci.

Bayan wasu watanni, lokacin girbi, na kai mata ziyara can. Tun daga nesa na hango layi har ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Raina ya yi daɗi, na ce ashe akwai inda ake ganin darajarta. Na shiga na zauna a gefe ina jiran ta gama. Wata mata ta shigo da yaro mai majina, yana ta tsalle-tsalle da rake a hannu. Uwar ta ce tari yake yi. Goggo ba ta ɗumama hannu ba. Ba ta ɗaga riga ba. Ta ɗauki biro ta rubuta antibayotik, ta ce a tabbata ya shanye duka, kada a rage. Ta biyu ta shigo, haka. Ta uku, haka. Matan suna fita suna sa mata albarka.

Da aka tashi na kasa haƙuri. Na ce Goggo, yaron can mai rake, ai mura ce kawai. Ta ce ta sani. Tana kulle durowa, ba ta ko kalle ni ba. Na ce to me ya sa? Sai da ta rataya jakarta sannan ta ce:

"Idan na rubuta yaro ya mutu, Allah ne ya karɓi abinsa. Idan ban rubuta ba ya mutu, ni na kashe shi. Na gaji, 'yata."

A bakin ƙofa akwai doya da masara da kaza ɗaure da iyayen yara suka kawo mata. Ta ce in kwashe in kai gida. Daga baya na gane duk abin da aka kawo mata a Kakau haka take rabar da shi, ba ta taɓa sa ko ƙwaya a bakinta ba.

Da na koma na ba mahaifina labari, na ɗauka zai ce ai ga shi nan, ta dawo hanya. Bai ce ba. Ya tashi ya shiga ɗaki. Mahaifiyata ta ce mini ranar bai ci tuwo ba, ya ce mata gara masa lokacin da Yaya ke zaginsa. Amma bai je wurinta ba, shagon kuma bai fasa abin da yake yi ba.

Haka ta ƙarasa shekarun aikinta a Kakau, ana ƙaunarta. Da ta yi ritaya har walima suka shirya mata, suka ba ta atamfa. Ta dawo Romi ta zauna. Ta daina zuwa zumunta, sujada ma sai ta fari da sassafe, a bencin baya, ta fita kafin a tashi. Maƙwabta sukan kawo mata yara ta duba a gida, sai ta ce idonta ba ya gani sosai, su tafi asibiti. Idonta lafiya lau, da shi take sa zare a allurar ɗinki.

Hawan jini ne ya kayar da ita a bara, ɓarin jikinta ya shanye. Ɗanta ya samu izini ya zo ya koma, jinya ta dawo hannuna da na mahaifiyata. A nan ne Baba ya fara zuwa. Ya zo da lemo a leda, ya zauna a bakin gado, ya ɓare, ya cire 'ya'yan, yana sa mata a baki. Kusan kullum haka. Su yi hirar ƙauye, da iyayensu, da gonar da aka cinye musu. Ban taɓa jin ɗayansu ya ɗauko zancen kemis ko na Kirsimetin nan ba. Ban sani ba ko wannan shi ne sulhu, ko dai dukansu sun tsufa ne sun rasa ƙarfin faɗa.

Da jikin ya ƙara tsanani, wata rana da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce in nemo mata mai ɗinkin nan. Maganarta ta riga ta lalace, sai da ta maimaita na gane. Na ce gafara take so ta nema? Ta girgiza kai. Ta ce tambaya ɗaya take so a yi mata: yaushe numfashin yarinyar ya fara sauri? A ranar da ta kawo ta ne, bayan sun koma gida, ko sai bayan kwanaki? Ta ce idan a ranar ne, to ita ce ba ta gani ba. Idan daga baya ne, to ta duba daidai. Ta ce duk shekarun nan kullum sai ta sake ɗaga rigar yarinyar a ranta, wata rana ta ga ƙirjin lafiya, wata rana ta ga kamar yana lotsawa, har ta kai ba ta san wanne ne ta gani da idonta ba.

Matar ta daɗe da barin Kaduna. Aurenta ya mutu bayan rasuwar yarinyar, ba ta sake haihuwa ba. Da ƙyar na samu lambarta a wurin wata 'yar kwaya. Na fita baranda na kira. Na faɗa mata ko ni wace ce, da halin da Goggo ke ciki, da tambayar da ta aiko ni da ita. Ina jin ƙarar keken ɗinkin wani a bayanta. Sannan ta ce ita ma ta yi wa kanta wannan tambayar har ta gaji. Ta ce kwanakin nan sun cakuɗe mata, ba ta iya raba ɗaya da ɗaya.

"Ki ce mata ban sani ba," in ji ta. "Da na sani, da ni ma na huta."

Na koma ɗaki. Goggo na kallon ƙofa, tana jirana. Na faɗa mata yadda matar ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta daɗe tana kallon rufi. Can ta ce, "To." Ta ce in juya ta ta fuskanci bango. Na juya ta, na gyara mata zane. Ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta ma sake wata doguwar magana ba har ranar da ta cika.

Mun kai ta ƙauye mun binne ta kusa da mijinta. Ubangiji ya ba ki hutun da mutane suka hana ki, Goggo. Mu nan mun kasa ba ki amsa. Wanda kika je wurinsa ya ga ƙirjin yarinyar a ranar, ya kuma ga naki.